BAGARUWA, ICCEN BAKIN TABKI: INDA AKE DASA TA DA YADDA AKE KULA DA ITA

Darasin noma da kiwo don cibiyoyin yaƙi da jahilci

Ƙasar Kurfey ba ta da yawan ruwan sama. A Filinge, abin da ke sauka a yawancin shekaru bai wuce milimetir 300 zuwa 400 ba. Amma in ruwan ya zo, da ƙarfi yake zuwa. Yana gangarowa daga tudu da fako, ya bi ƙoramu, ya taru cikin kwarin Dallol Boso. Nan da nan sai tabkuna su cika, fadamu su sha ruwa. Wani wuri ruwa ya kwana sati biyu, wani wuri wata uku ko fiye.

Mutane da yawa sun dasa itatuwa a irin waɗannan wurare, sun sha wahala, amma ba su ga amfani ba. Dogon yaro, wanda waɗansu ke ce ma bedi, ba ya son ruwa ya kwanta masa. Zogala da gwanda sun fi shi tsoro: kwana kaɗan cikin ruwa sai saiwarsu ta ruɓe. Akwai icce guda da ya saba da wannan zama, kuma kowa ya san shi. Shi ne bagaruwa. Zabarmawa suna ce mata bani, Fulani gawdi, Buzaye tiggart.

Sai dai akwai magana guda da ya kamata kowane mai dashe ya riƙe. Babbar bagaruwa ba ta tsoron ruwa. Ƙaramar bagaruwa kuwa, in ruwa ya rufe kanta ya daɗe, mutuwa take yi. Saboda haka aikin duka ya rataya ga abu biyu: a san inda ruwa ke tsayawa, a kuma san lokacin da ya kamata a dasa.

ME YA SA RUWA KE ƘARUWA CIKIN KWARI?

Tsofaffi suna tuna farin 1973 da na 1984. Itatuwa da yawa sun mutu a waɗannan shekaru. Waɗanda suka saura, gatari ya ci rabonsa, gonaki kuma suka yi ta faɗi. Ƙasar da ba ta da icce ba ta da ciyawa, ba ta riƙe ruwa. Ruwan da a dā yake nutsewa a kan tudu, yanzu gudu yake yi zuwa kwari.

Masu binciken ruwa sun auna rijiyoyi a yankin da ke gabas da Yamai. Sun tarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da wajen metir 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali ruwan sama bai ƙaru ba. Dalili shi ne ruwan da ke gudu daga filayen da aka sassabe yana taruwa cikin tabkuna, daga can ya nutse. Ban da wannan, ga manyan damanu irin na 2020 da 2024. A 2024 kaɗai ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan 1 a Nijar.

Ruwa mai gudu ba ya zuwa shi kaɗai. Yana ɗauko rairai. Kowace damana rairan nan yana shiga tabki, yana rage masa zurfi. Tabkin da ya cika da rairai yakan baje ya ci gonakin gefe, sannan ya ƙafe da wuri. Manomi ya yi asarar hatsi da damana, makiyayi ya rasa mashaya da rani. Itatuwa a bakin tabki suna rage ma ruwa gudu, saiwarsu tana riƙe gaɓa, rairai kuma ya tsaya tun bai kai ciki ba.

ME YA SA RUWA KE KASHE ICCE?

Saiwar icce tana numfashi, kamar yadda ɗan Adam da bisa suke yi. Cikin ƙasa akwai ƙananan ƙofofi masu iska. In ruwa ya kwanta, sai ya cika ƙofofin nan, iska ta fita. Saiwar da ba ta samun iska takan shaƙe ta ruɓe. Shi ya sa ake ganin icce tsaye cikin ruwa, amma ganyensa yana yaushi kamar mai jin ƙishirwa.

Allah ya hore ma bagaruwa jimirin wannan hali. Babba tana iya tsayawa cikin ruwa wata 3 ko fiye ba ta mutu ba, muddin rassanta da ganyenta suna sama. Amma ita ma tana bukatar ruwan ya janye, ƙasa ta sha iska. Ruwan da ke zuwa yana tafiya shi ne abokinta. Ruwan da ya zauna shekara da shekaru yana kashe ta.

Waɗansu ƙasashe sun ga wannan da idonsu. A kwarin kogin Senegal akwai manyan dazuzzukan bagaruwa da ke rayuwa da ambaliyar kowace shekara. Da fari ya zo, aka kuma gina madatsun ruwa biyu, Diyama da Manantali, a shekarun 1980, sai ambaliyar ta ragu. Masu gawayi suka ƙara da nasu. Dazuzzukan suka ragu ƙwarai. A Sudan kuwa, tun zamanin Turawa aka keɓe dazuzzukan bagaruwa a bakin kogin Nilu. Can suna ce mata sunut. Sun yi amfani da katakonta wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ma'aikatan dajinsu sun saba shuka irinta cikin laka lokacin da kogi ke janyewa. Wannan dabara tana da amfani ga Kurfey.

BAGARUWA IRI BIYU CE

Ba kowace bagaruwa ce ta ruwa ba. Ana gane su ta ƴaƴansu.

Ta farko ita ce bagaruwar ruwa. Kwanson ƴaƴanta yana da wuya tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kamar tasbaha. Ita ce ke tsayawa cikin tabki da bakin gulbi. Tana son ƙasar laka. Inda ta ji daɗi takan kai tsawon metir 15.

Ta biyu ita ce bagaruwar tudu. Kwansonta mai faɗi ne, ba shi da wuya sosai, gefensa kawai ke da ƴar lanƙwasa. Ta fi jimirin fari, amma ba ta kai ta farko jimirin ruwa ba.

Mai son dashe a bakin tabki, sai ya nemi irin ta farko. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya ɗebi iri daga uwar da ya gani da idonsa tana tsaye cikin ruwa da damana, kuma tana da lafiya. Ta tudu kuwa ta dace da shingen garka, da bakin ƙorama, da ramukan rabin wata da ake ginawa a kan fako.

AMFANINTA

1. Jima. Ƴaƴan bagaruwa su ne kayan aikin majema. Da su ake jeme fatar akuya da ta tunkiya da kirgin sa. Majeman Gamkalle a Yamai, da na Maraɗi, da na Damagaram, da na Sakkwato da Kano, duk da ita suke aiki. Fatar jar akuyar Maraɗi da ta yi suna har ƙasashen Turai, da bagaruwa aka saba jeme ta. Ƴaƴan ba su lalacewa da wuri in sun bushe. Mata da yara suna iya tara su, a kai kasuwa da rani, lokacin da babu kuɗin gona.

2. Abincin bisashe. Awaki da tumaki da raƙuma suna cin ganyenta da ƴaƴanta. Suna samuwa a lokacin da ciyawa ta ƙare. Sai dai kada a ba bisa ƴaƴan su kaɗai da yawa, don suna da bauri. A haɗa da harawa ko dussa.

3. Katako. Zuciyar iccen tana da tauri, gara ba ta cin ta da sauri. Ana yin ƙotar gatari da ta hauya, da ginshiƙin rumfa, da azarar ɗaki. Wutarta tana da ƙarfi, maƙera suna son gawayinta.

4. Ƙaro da zuma. Tana fitar da ƙaro, ko da yake bai kai na dakwara daraja ba. Furenta rawaya ne, dunƙule, mai ƙanshi, ƙudan zuma suna son shi.

5. Magani. An saba amfani da ƴaƴanta da ɓawonta wajen ciwon baki da gudawa. Amma yaron da ke gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita. Kada a tsaya ga jiƙo.

ABIN DA ZA A YI HATTARA DA SHI

Bagaruwa ba gawo ba ce. Gawo yana zubar da ganye da damana, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Bagaruwa tana riƙe ganyenta da damana, inuwarta tana danne shuka. Kada a dasa ta tsakiyar gona.

Tana da ƙaya fara, doguwa, biyu-biyu. Kada a dasa ta kan hanyar da mata da yara ke bi zuwa ɗibar ruwa.

Saiwarta tana tafiya nesa. A bar aƙalla metir 10 tsakaninta da rijiya ko fangalin garka.

Tsuntsaye masu cin hatsi, irin su jan-baki, suna son kurmin ƙaya kusa da ruwa. In itatuwan sun yi cunkus, sai su mai da su wurin kwana. Maganin wannan shi ne a ba da tazara, a riƙa rage rassa. In an ga tsuntsaye sun fara taruwa da yawa, a gaya ma malamin gona da wuri.

MATAKI NA FARKO: SHAWARA

Tabki ba na mutum guda ba ne. Manomi yana da rabo, makiyayi yana da rabo, mai garka da mai yin tubali da mai wanki duk suna da rabo. Kurfey ƙasar kiwo ce. Shanun Azawak da ake kiwo a tashar Tukunus shaida ne. Garken da ke hawa arewa da damana, su sauko da kaka, a tabkunan nan suke sha.

Saboda haka tun ba a gina rami ko guda ba, a zauna. Maigari, da sarkin noma, da shugabannin makiyaya, da wakilan mata, da kwamitin kula da filaye na gari, su yanke magana uku. Ina ne burtali da mashaya, waɗanda ba za a taɓa ba? Wa zai yi tsaro? In itatuwa sun girma, wa ke da ikon ɗibar ƴaƴa da rassa? Abin da aka yanke, a rubuta shi. Ga aikin da ɗaliban yaƙi da jahilci za su yi ma garinsu. Dashen da ya toshe ma bisashe hanyar ruwa ba ya rayuwa, kuma yakan haifi faɗa.

MATAKI NA BIYU: KARANTA TABKI

Wannan shi ne mataki mafi girma. Ana yin shi shekara guda kafin dashe.

A cikin watan Agusta, ranar da tabki ya cika iyakar cikarsa, a kafa turaku a bakin ruwa, kewaye da shi. Wannan shi ne layi na farko. Bayan wata guda, ruwa ya ja baya, a sake kafa waɗansu turaku. Wannan layi na biyu ke nan. Bayan wata uku, a kafa layi na uku. A kuma kafa doguwar sanda a cikin ruwa, a yi mata zane kowane santimetir 10, a riƙa duba zurfi ana rubutawa. A tambayi tsofaffi inda ruwa ya kai a shekarun manyan damanu.

Yanzu tabki ya rabu kashi huɗu.

Waje da layi na farko, ruwa ba ya kwanciya. Nan ne wurin kanya, da goriba, da bagaruwar tudu. Dogon yaro sai can baya.

Tsakanin layi na farko da na biyu, ruwa bai wuce wata guda, kuma ba shi da zurfi. Nan ne wuri mafi sauƙi ga bagaruwar ruwa. Da nan ake farawa.

Tsakanin layi na biyu da na uku, ruwa yana kwana wata 1 zuwa 3. Bagaruwa tana yi a nan, amma sai an bi lokaci da kyau.

Ciki da layi na uku, a bar ma ruwa da bisashe. In akwai giyayya da ta tsiro da kanta a wurin, a kiyaye ta.

MATAKI NA UKU: IRI

Ƴaƴan bagaruwa suna nuna da ɗari, su ci gaba da zuba har cikin rani. A tsince waɗanda suka bushe, a daka su a hankali cikin turmi, a sheƙe. Kilo guda na iri ya ƙunshi ƙwaya sama da 5.000, saboda haka tiya guda ta ishi gari duka. A zuba irin cikin ruwa. Wanda ya taso sama, ƙwaro ya huda shi, a zubar. Wanda ya nutse, a shanya a inuwa, a adana cikin kwalba ko gora da ɗan toka.

Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri. In an shuka ta haka nan, tana iya kwana wata da watanni ba ta tsiro ba. Ana tausasa ta ta hanya uku.

1. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin a ciki, a bar shi ya kwana har gobe war haka. Kada a dafa shi bisa wuta. Ƙwayar da ta kumbura, a shuka ta nan take. Wadda ba ta kumbura ba, a sake mata.

2. A goga gefen kowace ƙwaya a kan dutse, ko a ɗan yanke ɓawon da ƴar wuƙa, har a ga fari kaɗan. Wannan ya dace in irin ba shi da yawa.

3. A ba awaki ko tumaki ƴaƴan su ci. In suna tuƙa, sukan tofar da ƙwayoyin. A tsince su a turke. Cikin bisa ya riga ya tausasa su.

MATAKI NA HUƊU: RAINO

A zaɓi wuri kusa da rijiya, a kewaye shi da darni. A haɗa rairai kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. A cika ƴan ledojin raino, a huda su ta ƙasa don ruwa ya fita. A jera su, a shayar da su kwana biyu kafin shuka.

A sa ƙwaya 2 ko 3 cikin kowace leda, zurfin gaɓar yatsa guda. A shayar safe da marece. Cikin sati 1 zuwa 3 za su tsiro. In sun yi ganye, a bar mai ƙarfi guda, a cire saura.

Bagaruwa tana sakin doguwar saiwa da sauri. In an bar leda wuri guda, saiwar za ta huda ta shiga ƙasa. Ranar ɗauka sai ta tsinke, tsiron ya mutu. Saboda haka kowane sati biyu a ɗaga ledojin, a yanke saiwar da ta leƙo da wuƙa mai kaifi.

Raino yana ɗaukar wata 3 zuwa 4. Wanda ya shuka a watan Maris ko Afrilu, zai sami dashe a watan Yuli. Tsiron ya kai tsawon kamu guda, wato wajen santimetir 40 zuwa 50. Sati biyu kafin dashe a rage ban ruwa, a cire rumfa, don ya saba da wahala.

MATAKI NA BIYAR: DASHE

Dashe lokaci biyu ne, gwargwadon wuri.

Dashen damana. Wannan na saman gaɓa ne, tsakanin layi na farko da na biyu. Ana yin shi in damana ta zauna, ƙasa ta jiƙe har zurfin kamu. A duba abin da aka rubuta bara. In ruwa a wurin ya kai santimetir 30, tsiron da za a dasa ya fi haka tsawo sosai. In ana shakka, a tara ƙasa a yi ɗan tudu, a dasa a kansa.

Dashen janyewar ruwa. Wannan na ƙasan gaɓa ne, tsakanin layi na biyu da na uku. Ba a dasa komi a nan da damana. Sai ruwa ya fara ja, daga Oktoba zuwa Nuwamba, a bi shi a baya. Inda laka ta daina kama ƙafa amma tana da danshi, nan ake dasa tsiro, ko a binne ƙwaya 3 da aka tausasa. Saiwar za ta bi danshi zuwa ƙasa. Kafin ruwa ya komo, iccen ya sami wata 8 ko 9 yana girma. Mai son dasa tsiro a wannan lokaci, sai ya fara raino a watan Yuni ko Yuli.

Ga yadda ake dasawa. A gina rami, faɗi santimetir 40, zurfi santimetir 40. A ajiye ƙasar sama dabam. A yanke gindin leda da wuƙa, a tsaga gefenta, a cire ta duka ba tare da ƙasar ta watse ba. A sa tsiron tsakiyar rami, wuyansa daidai da bakin ƙasa. A fara mai da ƙasar sama, a taka da ƙafa. A shayar. A tattara ledojin a kai gida, don in bisa ta haɗiye leda tana iya mutuwa.

Tazara: metir 5 tsakanin icce da icce in ana son ƴaƴa da inuwa. A jere na biyu, a sa kowane icce daidai tsakiyar biyun da ke gabansa, don ruwa ya rasa miƙaƙƙiyar hanya.

MATAKI NA SHIDA: TSARO DA KULAWA

Tun 1975 aka fara bikin dashen itatuwa a Nijar ranar 3 ga Agusta. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Daga lokacin an dasa itatuwa masu ɗimbin yawa. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda aka tsare. Dashe aikin yini guda ne, tsaro aikin shekara uku.

A bakin tabki akuya ta fi ruwa ɓarna, don da rani duk bisashen gari nan suke taruwa. Kowane tsiro a kewaye shi da ƙaya, ko a saƙa masa kwando na kara ko na kaba, a kafe shi da turaku don kada ruwa ya tafi da shi. Kada a sare ɗanyen icce don tsaron wani icce. Rassan da aka rage sun isa.

A ranin farko, in ganye ya fara yaushi, a ba kowane tsiro bokiti guda a sati. Ruwa mai yawa sau guda ya fi kaɗan-kaɗan kullum, don yana sa saiwa ta nutsa. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin iccen, saboda gara.

Bayan kowane babban ruwa a zaga. Tsiron da ya kwanta, a tayar da shi a ɗaure ga sanda. Wanda shara ko laka ta rufe, a share masa kai. Wanda ya mutu, a rubuta wurinsa, a maye shi a dashe na gaba. In jere guda ya mutu duka, wurin ya yi zurfi, a matsa sama.

Daga shekara ta biyu a fara gyaran jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A zaɓi reshe guda miƙaƙƙe ya zama uwa, a rage na ƙasa da ɗari. A yanke da kaifi, a karkace, kusa da jiki. Kada a cire fiye da kashi 1 cikin 3 na rassa a shekara guda.

Masu neman magani su sani: in an ɓare ɓawo kewaye da gindi, icce ya mutu. A ɗiba kaɗan, gefe guda.

Wajen shekara 5 bagaruwa takan fara ƴaƴa sosai. Waɗanda za a kai ma majema, a tsince su da wuri, a shanya bisa tabarma. In sun daɗe kan ƙasa mai danshi, ƙarfinsu yana raguwa. A bar waɗansu a ƙasa don bisashe da sabon tsiro.

GIYAYYA, ABOKIYAR ZAMA

Giyayya ta fi bagaruwa shiga ruwa. Ba ta da ƙaya. Tana fitowa da rassa da yawa daga gindi guda. Furenta fari ne, dunƙule, mai ƙanshi. Bisashe suna cin ganyenta. Irinta ƙanana ne ƙwarai, rainonsu yana da wuya. Amma in an sare ta, kututturen yana sake toho. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce sassabin zamani: a zaɓi toho 2 ko 3 masu ƙarfi, a cire saura, a tsare su. Haka nan ake yi ma ƴan bagaruwar da suka tsiro da kansu bayan ruwa ya janye. Wanda ya tsiro da kansa ya riga ya zaɓi wurin da ya dace da shi.

ME DOKA TA CE?

Dokar daji ta 1974 ta sa bagaruwa cikin itatuwa 15 da ba a sarewa sai da izini. Dokar 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbinta, ita ma ta tanadi kariya ga itatuwa masu daraja. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fito da ƙa'idar sassabin zamani, wadda ta amince ma manomi ya ci moriyar itatuwan da ya raya cikin gonarsa. Duk da haka, kafin a sare babban icce, a nemi ma'aikacin gandun daji. Shi ne kuma zai taimaka da shawara kan iri da ledojin raino.

LISSAFI

1. Hekta guda tana da tsawon metir 100, faɗin metir 100. In an dasa icce kowane metir 5, jere nawa za a samu? Icce nawa cikin kowane jere? Icce nawa duka?

2. Kewayen wani tabki metir 600 ne. An bar metir 100 don mashaya. Metir nawa suka saura? In tazara metir 5 ce, icce nawa za su shiga jere guda? Nawa za su shiga jere 3?

3. In cikin kowane icce 5 guda yana mutuwa, tsiro nawa za a tanada don maye gurbi a jere 3 ɗin nan?

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Tabki nawa ke kusa da gari? Wata nawa kowane ke riƙe ruwa? A zamanin kakanni wata nawa yake yi?

2. Waɗanne itatuwa ne suke bakinsa a dā, waɗanne suka saura?

3. Ta yaya ake bambanta bagaruwar ruwa da ta tudu?

4. Me ya sa ba a dasa ƙasan gaɓa da damana?

5. Su wa ya kamata su zauna shawara kafin dashe?

AIKIN SHEKARA A TAƘAICE

Agusta zuwa Nuwamba: kafa turaku, auna ruwa, rubutawa.
Disamba zuwa Fabrairu: tara iri, zaman shawara, rage rassa.
Maris da Afrilu: fara raino.
Yuli: dashen saman gaɓa.
Oktoba da Nuwamba: dashen ƙasan gaɓa.
Rani duka: tsaro da ban ruwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cibiyar da ta karanta wannan darasi, ta zaɓi tabki guda, ta raba aiki tsakanin ɗalibai, ta kafa turakunta tun damanar bana.